Rabin Sigari a Gwangwanin Tumatir

Shekarar da na bar shan taba, mutumin da na fi zargi a duniya shi ne ɗan gwaggona. Ba wata magana ya faɗa mini ba. Da ma ya faɗa, da na samu abin kamawa.

Tarakta ɗaya muke tuƙawa ni da shi, a wani mashru da ke kudu da Gadarif ta hanyar Hawata, irin manyan gonakin nan na inji da ido ba ya ganin ƙarshensu. Da ruwan farko ya jiƙa baƙar ƙasar nan ba a barin tarakta ta huta, don kwanakin shuka ba su da yawa. Ni nake riƙe ta da rana, shi ya karɓa da yamma ya kwana yana jan diski, gari na wayewa ya dawo mini da ita wajen gangunan gas. Unguwa ɗaya muka taso, kwano ɗaya muka ci. Taubasai ne mu, shi ɗan mace ni ɗan namiji, kuma duk wanda ya san taubasantaka ya san dokarta: ya zage ka ka yi dariya, ya ɓoye maka takalmi ka taka ƙaya ka yi dariya, wanda ya fara fushi shi ya faɗi. Ni kuwa tun ina yaro ba na son faɗuwa, musamman a hannunsa.

Da damina, in hanya ta rufe, motar lori ba ta iya shigowa kambo, wato 'yan bukkokin da muke kwana a tsakiyar gonar, sai taba ta yi wuya. Daga nan muka saba raba kara ɗaya biyu. Akwai wani ɗan gwangwanin tumatir da muka ɗaure da waya a ƙarƙashin rumfar taraktar, daidai gefen sitiyari. Mai sauka yakan kunna kara a zagayensa na ƙarshe, ya sha rabi, ya murƙushe wutar a jikin ƙarfe, ya jefa sauran cikin gwangwanin. Ba a kunna wuta kusa da gangunan mai, wakilin mai gona yana iya korar mutum a kan haka, don haka mai hawa sai ya yi nisa da kambo tukuna ya zaro rabonsa. Ba mu taɓa zama mun tsara abin ba. Haka kawai ya zama, damina bayan damina, har hannuna yakan je gwangwanin ba tare da na aike shi ba.

A tsakiyar shukar waccan shekarar tari ya kayar da ni. Wata safiya ɗan gwaggona ya dawo da tarakta, ni kuwa na kasa ɗaga kaina daga tabarma. Aka sa ni a bayan motar da ta kawo iri, aka kai ni Gadarif. Likita ya ɗora abin sauraronsa a bayana, ya daɗe yana matsar da shi, sannan ya tambaye ni me ya kashe mahaifina. Na ce ƙirji. Ya ce to, ni ma hanyar na kama, kuma da sauri nake tafiya. A gida Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gadon igiya tana kallon aljihun rigata inda kwalin sigari ya turo. Wannan kallon ne ya fi ƙarfina. Na tashi na yi alwala, na ce a miƙo mini Alƙur'ani. Ta ce, “Kar ka rantse, ka dai bari.” Ban ji ba. Na dafa, na rantse a gabanta cewa sigari ba zai sake shiga bakina ba. Na san halina: in na sha zuƙa ɗaya, ba zan tsaya a kwali ɗaya ba, kuma ba zan iya sake kallon idon Inna ba.

Da na ji sauƙi na koma kambo, na tarar ɗan gwaggona shi kaɗai ya riƙe taraktar duk kwanakin nan, idanunsa sun yi ja. Da aka ajiye tiren tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, na sanar da jama'a na dafa Alƙur'ani a gaban Inna, na bar taba. Aka fashe da dariya. Wani ya ce sai dai in tabar ce ta bar ni. Mai girki ya ce ya ba ni zuwa shayin la'asar. Na juya wajen ɗan gwaggona ina jiran tasa, don na san tasa ce za ta fi zafi, har na tanadi amsa. Ya yanko loma, ya ce, “Kwayis, da kyau.” Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Nan zuciyata ta fara ɗarsa wani abu. Mutumin da ya shekara yana yi mini tsiya a kan wani aski da wanzami ya ɓata mini, yau ya samu abu irin wannan ya ce kwayis?

Washegari na hau tarakta, na bar gangunan mai a baya, hannuna ya tafi gwangwanin da kansa. Na janye shi kamar na taɓa garwashi. Amma na riga na gani. Rabin kara yana ciki, gindinsa a sama.

Na ce, af, ashe nan ya ajiye tasa tsiyar. Na yi dariya ni kaɗai a tsakiyar gona, dariyar da ba ta kai ciki ba. Abu biyu suka hana ni jefar da shi. Na farko, na san in yatsuna suka kama shi ba ƙasa za su kai shi ba, baki za su kai shi. Na biyu, in ya hau da yamma ya ga babu, ko dai ya ce na sha, ko ya ce wasan ya ci ni har na huce a kan guntun taba. Kowanne faɗuwa ce. Na yanke shawara zan bar shi inda yake, in nuna ko a jikina.

Alhali a jikina yake, daga kai har ƙafa. Wanda bai taɓa barin taba ba yana tsammanin ƙishirwa ce irin ta ruwa, wadda take ƙaruwa a hankali. Ba haka ba ce. Kwanton ɓauna take yi. Kana tafiya lafiya lau, diski yana yanka ƙasa a bayanka, shamuwa suna bi suna tsintar tsutsa, sai kawai ta shaƙe ka a maƙogwaro, haƙoranka su fara ƙaiƙayi, ka ji kamar ka ciji sitiyari. In ka daure ta sake ka, ta koma ta laɓe. Bayan cin abinci ta fi mugunta, sai kuma bayan shayi. Gahawa kam na haƙura da ita gaba ɗaya, don kurɓa ɗaya take kiran sigari da sunansa.

Na gwada duk abin da aka ce in gwada. Na tauna asuwaki har ya koma tsintsiya. Na cika aljihu da soyayyun 'ya'yan kankana, ina ɓarewa ina tofarwa har leɓena ya tsage saboda gishiri. Mai girki ya ba ni aduwa ya ce in riƙa tsotsa, na tsotsa da zuciya ɗaya, ranar sai da na yi ta tsayar da tarakta ina rugawa bayan ciyawa. Na dawo na tuhume shi da gangan ya yi, ya rantse bai san zan shanye ta duka ba. Ban yarda ba. A kwanakin nan ban yarda da kowa ba. In mutum biyu suka yi dariya a bayan bukka, da ni suke. In wani ya kunna taba iska ta kawo mini hayaƙin, ya duba iskar ne kafin ya zauna. Ga hancina ya buɗe, hancin da ya yi shekaru a toshe, ina jin warin sigari daga inda ko mai shan ba na hangowa. Har rigar wakili na shinshina ranar da ya dafa kafaɗata yana yi mini sannu.

Amma duk waɗannan ƙananan zargi ne. Babban yana cikin gwangwanin tumatir. Kullum na hau yana nan. Ba na kallonsa sosai, da wutsiyar ido nake duba shi, kamar yadda ake duba maciji a kusurwar ɗaki. Yau in ga gindinsa a sama, gobe in ga bakinsa da ya ƙone ne a sama, jibi ya jingina hagu. Na ce wato kowace asuba sabo yake ajiye mini. Wato yana zaune a kan kujerar nan da nake zaune, yana shan rabi, yana murmushi, yana saka mini sauran.

Wurin karɓar aiki nakan zuba masa ido ko zai tona kansa. Ya sauko, ya miƙe bayansa, ya ce, “Ɗan kawu, kef? Ka kwana lafiya? Ruwan injin ka riƙa dubawa, tana ɗan zafi.” Ya yi mini tsiya a kan tumbin da na fara, ya ce in na ci gaba da cin tuwo haka sai an ƙara wa tayar baya iska. Ya yi mini tsiya a kan aduwa, wannan kam har yau bai bari ba. Amma taba, ko sunanta bai taɓa kamawa a gabana ba. Kuma ban sake ganin ya kunna a inda nake ba. Wani zai ce kirki ne. Ni na ce wayo ne, irin na mai kafa tarko da ba ya tsayawa kusa da shi.

Na yi ta saƙa da warwara a kan dalilinsa. Ko baƙin ciki yake zan fita in bar shi a ciki. Ko yana jin haushin kwanakin da ya yi aiki shi kaɗai. Ko so yake ranar da muka koma gari ya shiga gaban Inna da gwaggo ya ba da labarin yadda rantsuwata ta ƙare a gwangwanin tumatir. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mini a rai. Wasa wasa ne, amma ai ya san na dafa Alƙur'ani, kuma yana wurin ranar da aka binne mahaifina. Sai na ji abin ya wuce taubasantaka. Na fara amsa masa gaisuwa a taƙaice. Na daina zama gefensa a tire. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba ni da wani aboki kamarsa, kuma na fara jin ba na son ganin fuskarsa.

Sai ruwa ya sauko da gaske, hanyar Gadarif ta rufe. Wanda ya san laka ta wannan ƙasa ya san in ta jiƙa ko jaki sai ya yi tunani. Sukari ya fara ja baya, albasa ta ƙare, taba kuwa ta ɓace ƙaf. Na ga manyan mutane masu iyali suna tona ƙasa a bakin bukka suna neman tsofaffin guntaye. Wasu suka riƙa naɗe ganyen shayi da aka dafa aka shanya a cikin takardar buhun sukari, suna zuƙa suna tari. Faɗa ya yawaita a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗan gwaggona, mutumin da ba a jin muryarsa sai a dariya, ya daka wa mai girki tsawa a kan gishiri. Na lura hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi.

Duk da haka na hau tarakta na ga rabin kara a gwangwani.

Ranar na cika na batse. Na ce wato yana da ɓoyayyen kwali. Wato ya iya kallon 'yan'uwansa suna shan ganyen shayi ya hana su, ya yi ta rawar hannu ta ƙarya, don kawai ya samu abin da zai ajiye mini. Ban san lokacin da na ce a fili, ni kaɗai, “Allah ya isa,” ba. Ɗan gwaggona na yi wa Allah ya isa. Da kalmar ta fita sai da gabana ya faɗi.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, ta wajen Gallabat. Ina can ƙarshen gonar, ban kai ga juyawa ba ruwa ya tsuge, tayoyin baya suka nutse har gindi. Na kashe inji. Na zauna a ƙarƙashin rumfa, ba asuwaki, ba 'ya'yan kankana, ba abin yi da hannuwana, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga sanyi yana shiga rigata. Duk mai shan taba ya san babu lokacin da ya kai wannan. Ƙishirwar ta zo, wannan karon ba ta koma ta laɓe ba. Ba ni da ashana, na daɗe da kyautar da ita, amma kowane direba ya san salansar tarakta in ta yi zafi tana kunna sigari, kuma tawa tana nan tana ƙara tana tururi in ruwa ya ɗiga mata. Zuciyata ta ce babu mai gani. Ta ce kaffara ai an yi ta ne don irin wannan. Ta ce rabi ne ma, ba kara guda ba. Na ga fuskar Inna, na kawar da ita. Na sa hannu a gwangwani na zaro shi.

Sai na tsaya. Abin da ke hannuna ba na jiya ba ne, ba na shekaranjiya ba. Takardar ta yi rawaya, ta yi laushi kamar tsumma, ta lanƙwashe a tsakiya. Tabar ta bushe, rabinta ya zube a gindin gwangwanin. Jikinsa kuwa duk shatin yatsa ne na baƙin mai, wani kan wani, kamar an yi ta juya shi an mayar. Na jujjuya shi ina kallo, kaina ya ɗaure. Kafin in gama mamaki salansar ta huce, ruwan ma ya tsagaita. Na dunƙule shi a tafin hannuna na zauna.

Wajen la'asar na hango mutum yana tahowa a ƙafa, ya naɗe wando har gwiwa, takalmansa a rataye a wuya, yana cire ƙafa ɗaya daga laka yana dasa ɗaya. Ɗan gwaggona ne, da shebur a kafaɗa da butar shayi a hannu. Ya iso yana haki, ya kama ƙarfen rumfa ya hau matakala. Kafin ya gaishe ni, kafin ya dubi tayoyin, idonsa gwangwanin ya fara zuwa. Ya ga babu komai. Na ga fuskarsa ta sauka.

Ya ajiye butar a hankali. Sannan ya ce, “Malesh, ɗan kawu. Ba komai. Gobe sai a sake farawa. Inna ba za ta ji daga bakina ba.”

Na buɗe hannuna.

Ya dubi guntun, ya dube ni. Ya ce, “Ba ka sha ba?”

Na ce, “Ban sha ba. Kai kuma tun yaushe wannan yake nan?”

Ya ce, “Kai za ka tambaye ni? Tun safiyar da aka tafi da kai asibiti. Rabonka ne na ajiye maka, ba ka hau ba. Da ka dawo ka ce ka bari, na ce zan ɗauke da asuba, barci ya sa na manta. Da yamma na zo na tarar ba ka taɓa ba, ba ka jefar ba. Na ce shi ke nan, da gangan ya bar shi, akwai masu ajiye ɗaya suna kallo don su gwada zuciyarsu.”

Na ce, “To wa ke juya shi? Kullum na zo ya sake kwanciya.”

Ya sosa ƙeya, ya kawar da kai. “Ya zol, ɗan'uwa, ni ma mutum ne. Ina ɗauka in shinshina in mayar.”

Na ce, “Kwanakin nan da babu sigari ko ɗaya a kambo, kana zaune da shi a gabanka har gari ya waye, ba ka sha ba?”

Ya ce, “In na sha, da me zan sani? Kai ba ka magana, ni kuma ba na son in tambaye ka in tuna maka. Kullum na hau, shi nake fara dubawa. In na gan shi sai in ce alhamdulillahi, ɗan kawu ya sake cin yini guda.”

Na rasa inda zan sa idona. Na miƙa masa guntun na ce, “Karɓi. Na ba ka rabona.” Ya ce a'a. Na ce in bai karɓa ba zan jefa shi cikin laka a gabansa. Ya fizge da sauri har ya ba ni dariya, ya ce ai ya san ni da rashin tausayi tun muna yara.

Ya zaro ashana daga cikin hularsa, inda ya ɓoye ta saboda ruwa. Har ya kai guntun baki, sai ya cire. Ya sauka daga taraktar, ya tsinko ɗan ganyen ciyawa ya saki a sama, ya kalli inda iska ta kai shi. Sannan ya bi ta can, cikin lakar nan da ya sha wuyar ratsowa, yana nutsewa yana zarewa, bai tsaya ba sai da ya zama ɗan ƙarami a idona. Ya tsuguna, ya ba ni baya.

Na tsiyaya shayin da ya kawo, ya riga ya huce. Na ɗaga hancin nan nawa da ke jin warin taba daga bayan gari, na shaƙa, na sake shaƙa. Ban ji komai ba sai ƙasa da ruwa.